Yadda maganin ciwon ido ya rage mutuwar yara a Nijar

Ba a buƙatar wata babbar na'ura kafin a gano amosanin ido. Ma'aikacin lafiya kan juya fatar idon yaro ta sama, ya duba ko akwai ƙananan ƙuraje a ciki. Ƙudaje da hannaye marasa tsabta ne ke yaɗa cutar, kuma idan ta yi ta dawowa, gashin ido kan lanƙwashe ciki ya riƙa gogar ƙwayar idon har mutum ya makance.

Idan cutar ta kama aƙalla kashi 5 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 9 a gunduma, akan raba wa kowa maganin azithromycin.

A wajen irin wannan rabon ne masu bincike a Habasha suka lura, a 2009, cewa yara ba sa mutuwa sosai a garuruwan da suka sha maganin. Sai aka shirya gwajin MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, inda aka riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin sau biyu a shekara.

Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100. A jihar Dosso ta Nijar kuwa, raguwar ta kai kashi 18.

Sai dai akwai fargabar ƙwayoyin cuta su daina jin maganin. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a yankunan da mace-macen yara suka yi yawa.