Manhajar da ke Aiki Ko'ina Ban da Wuri Ɗaya

Mu ƙaddara muna cikin shekarar 2019, kuma wata makarantar sakandare ta sa malamin kwamfutarta ya rubuta mata 'yar manhaja a intanet domin ɗalibai su riƙa yin rajistar jarrabawa daga gida. An tsai da ranar 15 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma, a matsayin lokacin rufewa. Malam ya gwada manhajar a kwamfutarsa, ya gwada ta a wayarsa, komai lafiya lau. Ana saura kwana goma a rufe, sai ga iyaye uku sun zo da kuka iri ɗaya: duk sa'ad da suka buɗe shafin sai ya ce musu an riga an rufe rajista. Malam ya buɗe shafin a gabansu, ga shi yana aiki. Su kuma suka miƙo nasu wayoyin, ga shi ya ƙi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma idan ba a gano dalili ba, akwai yaran da za su rasa jarrabawar bana ba tare da laifin komai ba.

Makarantar dai misali ce kawai, amma matsalar ta gaske ce, kuma masu rubuta manhaja a ƙasashe daban-daban sun sha fama da ita a waɗancan shekaru. Za mu bi sawunta daki-daki, domin hanyar da ake bi a kamo irin wannan kuskure ita ce dai hanyar da ake koya wa ɗalibi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa shafin intanet ba hoto ba ne da ake aikowa a gama. Abin da ke isowa wayarka rubutaccen umarni ne, kuma burauza, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, ita ce ke karanta umarnin ta aiwatar. Mafi yawan umarnin da ke sa shafi ya yi lissafi ko ya yanke hukunci ana rubuta shi ne da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995. To, kowace burauza tana da injin da ke mata wannan karatu, kuma injunan ba ɗaya ba ne. Chrome tana amfani da wanda ake kira Blink, Firefox tana da Gecko, Safari ta kamfanin Apple kuwa tana da WebKit. Ka ɗauke su kamar magatakarda uku da aka bai wa wasiƙa guda. Idan rubutun ya fita sarai, duk za su karanta abu ɗaya. Idan kuwa akwai kalmar da ta dagule, wani zai cinka ma'anarta ya wuce, wani kuma zai tsaya ya ce shi bai ga abin karantawa ba.

Aikin farko da ke gaban Malam shi ne ya sa kuskuren ya faru a hannunsa, a duk lokacin da ya ga dama. Muddin bai iya haka ba, duk gyaran da zai yi lalube ne a cikin duhu, domin ba shi da hanyar sanin ko ya gyaru. Saboda haka sai ya ari ɗaya daga cikin wayoyin, ya rubuta duk abin da ya bambanta ta da tasa: irin wayar, layin sadarwar, sunan ɗalibin da aka shiga da shi, da kuma burauzar. Daga nan sai ya riƙa canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ya shiga da sunan wani ɗalibi, matsala na nan. Ya sauya layi, matsala na nan. Ya shiga da sunan ɗalibin farko a tasa wayar, shafi ya yi aiki. Ke nan ba ɗalibin ba ne, ba kuma layin ba ne. Abin da ya rage shi ne wayoyin uku duk iPhone ne, kuma duk da Safari aka buɗe shafin.

A nan akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Malam zai iya cewa bari ya sauko da Chrome a kan iPhone ɗin ya gani, kuma da ya yi haka sai ya tarar ita ma ta ƙi. Wanda bai sani ba sai ya yanke cewa burauza ba ta da hannu, wayar ce ta lalace. Alhali kuwa a wancan lokaci dokar Apple ta tilasta wa Chrome da Firefox na iPhone su yi aiki da injin WebKit. Suna ne kawai ya canja, magatakardan bai canja ba. Don haka tambayar da ta dace ita ce wane inji ne ke karatun.

Bayan an gano inda kuskuren yake faruwa, saura a gano layin umarnin da ke haddasa shi. Burauzoji suna zuwa da kayan bincike na masu gini. A kwamfuta yawanci maɓallin F12 ne ke buɗe su. A ciki akwai allon rahoto, inda burauza ke rubuta ƙorafinta da jan rubutu idan ta ci karo da umarnin da ta kasa bi. Leƙa na iPhone yana bukatar a haɗa wayar da kwamfutar Mac, abin da ba kowace makaranta ke da shi ba. Ko da ma Malam ya samu, a wannan karon zai tarar da allon fayau, domin burauzar ba ta ɗauka wani abu ya ɓaci ba. Sai ya koma ga tsohuwar dabara mai araha: ya sa manhajar ta rubuta a fuskar shafin abin da take riƙe da shi a kowane mataki. Mene ne lokacin yanzu? Ta ba da amsa daidai. Mene ne lokacin rufewa? A wayar Malam ta ce 15 ga Maris. A iPhone kuwa sai ta ce "Invalid Date", ma'ana wannan ba kwanan wata ba ne.

Ga abin da ya faru. Rumbun ajiyar bayanai na makarantar, kamar yadda irin su MySQL suka saba, yana aiko da lokacin rufewa a rubuce haka: 2019-03-15 17:00:00. Lura da ɗan filin da ke tsakanin kwanan wata da sa'a. Shi kuwa harshen JavaScript yana da rubutacciyar ƙa'ida mai suna ECMAScript, kuma bugunta na biyar, na 2009, ya fayyace sigar rubuta lokaci guda ɗaya wadda dole kowane inji ya gane, an samo ta daga ma'aunin duniya na ISO 8601. A wannan siga harafin T ake sa wa a wurin filin: 2019-03-15T17:00:00. Duk wata siga daban, ƙa'idar ta bar wa kowane inji ya yi yadda ya ga dama da ita. Chrome ta zaɓi ta cinka, kuma ta cinka daidai. Safari ta wancan lokaci ta zaɓi ta ƙi.

To, me ya sa ƙin karanta kwanan wata ya zama "an rufe rajista"? Nan ne abin ya fi ban sha'awa. A wurin JavaScript kowane lokaci lamba ce: adadin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da suka shuɗe tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970. Umarnin Malam cewa ya yi: idan lambar yanzu ba ta kai lambar rufewa ba, a buɗe rajista, in ba haka ba, a ce an rufe. Da Safari ta kasa karanta lokacin rufewa, sai ta ajiye wata alama ta musamman a gurbinsa, NaN, wadda ke nufin "ba lamba ba ce". Ƙa'ida kuma ta ce duk tambayar da aka yi ta wane ya fi wane, idan NaN na ciki, amsarta a'a ce. Shin yanzu ya gaza lokacin rufewa? A'a. Sai manhaja ta bi ɗaya hanyar cikin natsuwa, ta sallami iyaye.

Wa ke da laifi ke nan? Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne Safari, tun da ita kaɗai ta ƙi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Safari ba ta karya wata ƙa'ida ba. Umarnin Malam ne ya dogara ga alfarmar da Chrome ke yi masa ba tare da ya sani ba, kuma kuskuren yana nan tun ranar farko, an dai rufa masa asiri ne. A ganina wannan shi ne abin da ya fi wuyar karɓa ga mai koyon wannan sana'a: sau da yawa burauzar da ta ƙi aiki ita ce ta gaya maka gaskiya.

Gyaran bai wuce layi ɗaya ba. A sa T a wurin filin, a kuma ƙara bambancin sa'a a ƙarshe, wato +01:00 ga Nijeriya da Nijar, domin kada uban da ke aiki a wata ƙasa ya ga rajista ta rufe masa a lokacin da ba shi ba. Akwai mai cewa a raba lambobin a miƙa wa injin ɗaya bayan ɗaya, shekara, wata, rana. Wannan ma yana yi, sai dai a tuna cewa JavaScript daga sifili take fara ƙirga watanni, saboda haka Maris a wurinta 2 ne, ba 3 ba.

Akwai kuma gyaran da bai kamata a yi ba, ko da yake shi ne ya fi saurin zuwa rai: a sa manhaja ta tambayi burauza sunanta, in ta ce Safari ce sai a bi da ita ta wata hanya dabam. An daɗe ana yin haka, kuma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Da Opera ta kai bugu na 10 a 2009, sai aka tarar shafuka da yawa lambar farko kawai suke dubawa, suna ɗaukar ta bugu na 1, tsohon yayi. Dole kamfanin ya sa ta riƙa gabatar da kanta a matsayin 9.80, ta ɓoye ainihin lambarta a ƙarshen bayanin. Irin wannan fargaba ta sake tasowa a 2022, sa'ad da Chrome da Firefox suka doshi bugu na 100.

Kada mai karatu ya zaci kullum farautar tana zuwa da sauƙi haka. A zamanin Internet Explorer 8 da 9, waɗanda suka fito a 2009 da 2011, allon rahoton nan ba ya samuwa sai an buɗe kayan bincike. Idan mai gini ya manta da layin da ke aika saƙo zuwa allon, manhaja sai ta tsaya cik a hannun jama'a. Shi kuwa da ya danna F12 domin ya ga abin da ke faruwa, sai allon ya samu, manhajar ta ci gaba da aiki kamar ba ita ba. Duba kuskuren shi ke korar sa. Masu sana'ar suna yi wa irin wannan laƙabi da sunan Werner Heisenberg, masanin fiziya ɗan Jamus, wanda ake dangantawa da batun cewa awon abu yana taɓa abin da ake awo. Kamfanin Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022.

Shi dai Malam aikinsa bai ƙare da sa harafin T ba. Zai koma ga iPhone ɗin da ya ara ya maimaita gwajin farko, sannan ya sake gwadawa a Chrome da Firefox, domin gyaran wuri ɗaya yakan ɓata wani. Zai binciki sauran manhajar ya ga ko akwai wani wurin da aka miƙa kwanan wata da fili a tsakiya. Zai kuma ƙara umarni guda: idan lokacin rufewa ya fito NaN, kada a ce wa kowa an rufe, a ce masa ya tuntuɓi ofishin makaranta. Daga nan sai ya aika wa iyayen sauran ɗalibai sanarwa, domin uku ne suka zo da kuka, amma ba a san adadin waɗanda suka karanta "an rufe" suka yarda suka yi shiru ba.