Me Baɗi Za Ta Kawo wa Masu Buga Gem?

Shekara ta zo gangara, kowa na tambayar wace na'ura ce za ta yi tashe baɗi. Ga abin da muke hange, ga kuma abubuwan mamakin da suka sa muke hangen.

Ta tafi-da-gidanka ce za ta riƙe kambu, kuma a cikinsu ma mai riƙe caji. Tun 1989 Game Boy ta nuna hanya: allonta ba kala, amma batir huɗu kan kai ta sama da sa'o'i goma, yayin da kishiyarta Game Gear mai kala take lanƙwame batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar. Kala ta burge ido, batir ya ci kasuwa!

A Yaƙin Tekun Fasha na 1991 an ciro wata Game Boy daga barikin da bam ya ƙone, robarta ta narke ta yi baƙi ƙirin, amma cikinta na aiki. Ta yi shekaru a wani kanti a birnin New York tana nuna wa masu wucewa Tetris. Masu ƙera na baɗi, ga gwana nan, ku kamo ta!

Wata 'yar'uwarta kuma har sararin samaniya ta je: a 1993 wani ɗan sama jannatin Rasha ya tafi da ita tashar Mir, suka yi kwana 196. Abin da aka buga a can, layin banki ba zai gagare shi ba.

Asalin abin ma zaman jira ne ya haife shi. Wani injiniya a Japan ya ga fasinja a jirgin ƙasa yana ta danne-dannen kalkuleta don rage zaman kaɗaici, sai ga Game & Watch a 1980, daga kamfanin da ya fara da ƙera karta a birnin Kyoto tun 1889. Baɗi ma akwai jira a tasha, don haka ciniki na nan daram.

Faifai zai ƙara ja da baya, kuma wannan kam bai yi mini daɗi ba. PS5 ta fito a 2020 kashi biyu, mai cin faifai da marar ci, Steam Deck ta 2022 kuwa ba ta san faifai ko kaset ba sam, sai dai ka sauke daga intanet. Faifai ana aronsa, ana musaya da aboki, ana sayarwa idan aljihu ya yi sanyi. Wanda aka sauke fa, wa zai ara maka?

Ga kuma nauyi. Wasu wasannin yanzu sun haura gigabait 100, alhali Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa kilobait 40 ne ko ƙasa, bai kai hoto ɗaya na wayarka ba. Saboda tsimin wuri, gajimaren sama da ciyayin ƙasa a wasan zane ɗaya ne, kala kawai aka sauya. Masu sayen data, a ɗaura ɗamara!

Ƙananan kaset dai ba za su ɓace baɗi ba, kuma ga gargaɗi: na Switch an shafe su da wani sinadari mai ɗan karen ɗaci don kada yara su haɗiye. Da labarin ya bazu a 2017, manya da gemunsu suka riƙa lasa don su tabbatar. Gani ya kori ji, lasa ta kori duka biyun.

Ku da kuka taso da hura kaset idan ya ƙi kamawa: ciro shi da mayarwa ne ke gyara zamansa, danshin baki kuwa tsatsa yake jawowa. Amma a miƙa wa mutum tsohon kaset baɗi, sai ya hura!

Fad mai tafiya da kansa shi ne ciwon kan kowa: ba ka taɓa komai ba, ɗan wasanka ya kama hanyar gefen fili da ƙwallo. Ƙura da gogayyar cikin sandar fad ɗin ne ke cinye ta, maganin kuwa sanda mai aiki da maganaɗisu wadda ba ta goga komai, irin wadda Dreamcast ta zo da ita tun 1998. Muna sa ran ganin irinta da yawa baɗi, kuma ya kamata, don kuɗin fad ba wasa ba ne.

Zafi ma zai ci gaba da zama abokin gaba. Lokacin da Xbox 360 ta riƙa mutuwa tana nuna jajayen fitilu uku, mutane sun dinga naɗe ta da tawul ta ƙara ɗaukar zafi, ta farfaɗo na ɗan lokaci ta sake sumewa, har kamfanin da ya ƙera ta ya ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara. Tawul na wanka ne, a ba na'ura iska!

Wii ta 2006 ta sa tsofaffi da jikoki wasan tanis a falo, ta kuma fasa talabijin ba adadi, don rimot ɗin kan kuɓuce daga hannu mai gumi, har sai da aka sauya miliyoyin igiyoyin wuyan hannu da masu kauri. Komai nisan jifa, a allo yake sauka.

Tabarau mai jefa mutum cikin wasa zai sake shan talla, amma ba ma ganin zai ƙwace falo. An gwada tun 1995 da Virtual Boy, wadda ja da baƙi kawai take nunawa, masu bugawa na kukan ciwon kai, ba ta shekara a kasuwa ba. Gem da daɗi ne idan kana ganin fuskar wanda ka ci!

Za a ɗage ranar fitowar wasu manyan wasanni, kuma kada ku yi fushi. Wasan E.T. na 1982 cikin kimanin mako biyar aka harhaɗa shi, ya yi kwantai, aka binne tarin kaset a juji a Alamogordo ta Amurka a 1983, sai 2014 aka tono su. Sauri ya haifi nawa.

Farashi ba zai sauko ba. A da, na'ura in ta kwana biyu a kasuwa kuɗinta raguwa yake, amma a 2022 PS5 hawa ta yi a ƙasashe da dama. Kasuwar tokumbo, shirya kanta!

Tsofaffi kuwa ba inda za su. A Burazil an ci gaba da ƙera Master System shekaru da dama bayan sauran duniya ta wuce wurin, PS2 ta 2000 kuma ta haura miliyan 150, kuma wani ɓangare na farin jininta shi ne tana cin faifan fim. Da tsohuwar zuma ake magani.

A gidajen gem na Kano da Kaduna da Maraɗi hasashen ba ya buƙatar dogon nazari: benci, janareta na ruri a waje, yara sun yi cirko-cirko bayan masu riƙe da fad, kuma ƙwallo ake bugawa. Wanda aka ci ya tashi, ya kuma ce fad ɗin ne ba kyau!

Masu gyara ma ba za su rasa baƙi ba. Kyankyasai na son ɗumi da duhun cikin na'ura, har masu gyaran PS4 a Amurka sun sha kokawa da yadda suke cika wurin wutarta su ƙone ta. A ɗaga ta daga ƙasa, a share ƙura, a daina cin gyaɗa a kanta!