Sake Aure Da Jibin Ubangiji A Katolika

Wata daga Babban Giji, Kano, ta tambaye mu: maƙwabciyarta 'yar Katolika ta sake aure, mijin fari yana da rai. An kore ta ke nan?

A'a. Katolika na koyar da cewa mutuwa kaɗai ke raba auren da ya ɗauru. A 1981 Paparoma John Paul na Biyu ya ce irinta ta riƙa zuwa sujada, amma ban da karɓar Jibi. Hanya na buɗewa in kotun ikilisiya ta gano auren farin bai ɗauru ba tun asali. A 2016 Paparoma Francis ya ce a duba kowa bisa ga halinsa.

Kada ta ɓuya a gida, ta je ta ga Fada. Ubangiji ya ba mu jinƙai. Amin.