RAƘUMIN DAWA: INA KUƊIN TSARONSA KE FITOWA?

A shekara ta 1996 an ƙidaya raƙuman dawa da suka rage a ƙasar Nijar. An samu 49 kacal. A duk Afirka ta Yamma babu sauran wani garke sai wannan. Da can raƙuman dawa suna yawo tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Fari, da farauta, da saran daji suka ƙare su.

A shekara ta 2018 yawansu ya wuce 600. Wannan ƙaruwa ba daga sama ta faɗo ba. Kuɗi sun shiga, mutanen karkara kuma sun yi aiki. Ya kamata manomi da makiyayi su san inda kuɗin ke fitowa, da yadda talaka ke sa hannunsa.

INDA SUKE ZAUNE

Garken yana yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, kan hanyar Doso. Wurin ba gandun daji ba ne mai shinge. Gonaki ne da ƙauyuka. Da damana raƙuman suna hawa tudu, su ci ganyen daji. Da rani su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo yake da ganye.

Zama da su ba sauƙi gare shi ba. Raƙumin dawa yana son wake. Yana shiga gona ya ci, yana cin mangwaro a garka, har harawar da aka ɗora bisa itace ba ta tsere masa ba, don wuyansa ya kai. Doka ta 1998 kan farauta ta hana kashe shi. Amma doka kaɗai ba ta cika rumbu. Manomin da aka cinye wa wake yana da hakkin ya tambaya: mene ne ribata?

HANYOYIN KUƊI UKU

Hanya ta farko ita ce gwamnati. Ita ke biyan ma'aikatan gandun daji, ita ke ba da izinin kowane aiki. Sai dai aljihun gwamnati yana da masu jira da yawa: makaranta, likita, hanya, tsaro.

Hanya ta biyu ita ce abokan waje. Akwai wani gidan dabbobi a garin Duwe-la-Fontan na ƙasar Faransa. A shekara ta 2001 ya fara taimaka wa wata ƙungiyar ƴan Nijar mai suna ASGN, wadda aka kafa don ceton raƙumin dawa. Ƙungiyar ba ta sayi bindiga ko waya ta shinge ba. Ta gina rijiyoyi a ƙauyuka. Ta ba ƙungiyoyin mata ƙaramin rance, su yi kiwo ko ƴar sana'a, su biya, a ba wasu. Dabarar ita ce mutum ya ga amfanin dabbar a cikin gidansa. Wanda ya sha ruwan rijiyar da raƙumin dawa ya jawo ba zai ɗana masa tarko ba.

Hanya ta uku ita ce baƙi masu zuwa kallo. Samarin Kure sun kafa ƙungiyar ƴan jagora. Baƙo ya biya kuɗin shiga, ya biya ɗan jagora, a kai shi inda garken yake. Gidaje da dama sun ci abinci da wannan aiki.

RANAR DA HANYA ƊAYA TA TOSHE

Ran 9 ga watan Agusta 2020 ƴan bindiga bisa babura suka kai hari a dajin Kure. Suka kashe mutum 8: Faransawa 6 masu aikin agaji, da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Ƴan jagora suka wayi gari babu aiki. Bayan canjin gwamnati na watan Yuli 2023 kuma, wasu ƙasashen Turai suka tsai da taimakonsu ga Nijar.

Darasin a fili yake. Kuɗin baƙo da kuɗin waje kamar ruwan gulbi ne: yau ya cika, gobe ya janye. Abin da ba ya janyewa shi ne mutanen da ke kwana su tashi tare da dabbobin.

DAGA KURE ZUWA GADABEJI

Masana sun ga akwai hatsari a bar garke duka wuri ɗaya. Ciwo ɗaya ko fari ɗaya zai iya share shi. Saboda haka aka nemi gida na biyu. Aka zaɓi gandun dajin Gadabeji, cikin ƙasar Dakoro, jihar Maradi. An kafa wannan gandu a 1955, faɗinsa hekta 76.000. Raƙuman dawa sun ɓace daga can wajen shekara 50 da suka wuce.

A watan Nuwamba 2018 aka ɗauki raƙuma 8 cikin babbar mota, aka yi tafiyar kilomita 800 da su. Ma'aikatar kula da muhalli ta yi aikin tare da wata ƙungiya mai suna GCF, wadda ke da mazauni a ƙasar Namibiya, da wata mai kula da namun dajin Sahara. A 2022 aka ƙara kai 4. Raƙuman sun zauna, har sun haihu a can. An kuma ɗauki makiyayan wurin aikin sa ido a kansu, don babu wanda ya fi su sanin dajin.

AIKIN DA TALAKA KE IYAWA

Mai ba da kuɗi yana son lissafi kafin ya buɗe jaka. Lissafin kuwa daga daji yake fitowa. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa dabam, kamar tambarin yatsa. Masu ƙidaya suna ɗaukar hotonsa dama da hagu, don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Amma kafin a ɗauki hoto sai an san inda garke ya kwana. Makiyayi ne ya sani.

Haka yake ga sauran namun daji. A Gadabeji akwai barewa, da dila, da jan biri. Ɗalibin jami'a da ya zo binciken biri yana bukatar wanda zai nuna masa itacen da birai ke kwana, da abin da suke ci da rani, da watan da suke faɗa wa gona. Wanda ya koyi karatu da rubutu zai iya riƙe ɗan littafi: rana kaza, wuri kaza, dabba nawa. Irin wannan littafi yana da daraja wurin masu bincike.

Akwai kuma aikin gayya: share hanyar tare gobarar daji bayan kaka, barin ƴaƴan gawo su girma a gona, da kai labari wurin ma'aikatan gandun daji in an ga maharbi ko dabba marar lafiya.

IN ƘAUYE YANA NEMAN TAIMAKO

Ba a ba mutum ɗaya irin wannan kuɗi. Ƙungiya ake ba. Mutanen gari su taru, su zaɓi shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Su nemi takardar shaida daga hukuma. Su rubuta bukatarsu a taƙaice: aikin da za a yi, abin da zai ci, da abin da gari zai kawo da ƙarfinsa. Takardar ta bi ta hannun ma'aikatar gandun daji ta yankinsu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi tukuna kafin ya samo taimako, a yi hankali da shi.

In kuɗi suka zo, a rubuta shigarsu da fitarsu, a karanta gaban jama'a. Ƙungiyar da littafinta yake tsaf ita ake sake ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga 49 zuwa fiye da 600, aikin hannu da yawa ne, kuma mafi yawan hannuwan na manoma ne da makiyaya.