Hasken Leza da Fatar Baƙin Mutum: Wa Zai Ɗauki Alhakin Tabon?

Tallar gyaran fata da hasken leza ta cika Facebook da TikTok, har ta shigo wayoyin 'yan matan Damagaram. Ana yi musu alkawarin share tabon ƙuraje, cire gashi, har da goge tsagar gado. Masu tallar ba sa faɗin cewa na'urar ƙuna take yi. Hasken wasu nau'o'inta yana neman sinadarin melanin mai ba fata launi ne, mu kuwa fatarmu cike take da shi. Idan aka saita ta da ƙarfi, ko aka ɗauko wadda ba ta dace da baƙar fata ba, wurin yakan ƙone ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi fari dabbare-dabbare, wani kuma ya tashi da tabo mai kumburi. Likitocin fata sun fi amincewa da nau'in Nd:YAG ga masu duhun fata. Wadda ta riga ta sirance fatarta da man bilicin kuwa, haɗarinta ya fi yawa.

Taɓa fuskar mutum tsohuwar sana'a ce a nan. Tun kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa a ƙarni na 19, wanzami ne ke yi wa jariri tsaga. A zamanin hare-haren kamun bayi, zanen fuska ne ke shaida asalin mutum, Babarbare ne ko Bahaushe, har danginsa su gane shi a wata ƙasa. Wanzanci gado ne, yaro yakan shekara da shekaru yana riƙe zabirar ubansa kafin a miƙa masa aska. A masarautun ƙasar Hausa akwai Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara idan hannun wani ya kuskure. Kowa ya san gidan wanda ya yi masa aiki.

Mai riƙe da na'urar leza a shagon kwalliya fa, wa ya koya masa, kuma gaban wa za a kai shi? Ya kamata ma'aikatar lafiya ta daina jira sai fuskoki sun lalace. Ta hana kowa taɓa na'urar sai da takardar shaida. Ku kuma iyaye, kafin 'yarku ta miƙa fuskarta, ku kai ta wurin likitan fata, a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, a jira makonni a ga yadda ya warke.