Katako ko ƙarfe: wanne ya fi araha a rufin gida?

Ranar ɗora rufi, katako ne ke cin kasuwa. Kuɗinsa bai kai na ƙarfe ba, kuma kafinta da zarto da ƙusa sun wadatar. Ƙarfe kuwa sai an kira mai walda da janaretonsa. Ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin ƙarfe ke bin dala sau da ƙafa.

Sai dai kuɗin rufi ba ranar ake gama biyansa ba. Katakon da ake kawowa Arewa daga dazukan Kudu sau da yawa ɗanye ne. Zafin bazara ya busar da shi a saman gini, ya lanƙwashe, ƙusa ta yi sako-sako, iskar farkon damina ta yaye kwanon. Sai kuma gara. Takan hawo ta jikin bango, ta cinye cikin katakon ta bar ɓawo, mai gida bai sani ba sai ya ga gari na zubowa daga silin. Baƙin man da ake shafawa jinkirta ta kawai yake yi. Ba banza ba kakanninmu suka riƙe azarar giginya.

Ƙarfe kuwa tsatsa ce matsalarsa, amma a busasshiyar ƙasa irin Kano ko Damagaram, fenti mai kyau kan kare shi shekaru da yawa. Gobara ce ba ta raga masa: a zafin digiri 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa.

In rufin mai faɗi ne kuma gidan zamanka ne, ƙarfe ya fi sauƙi. In aljihu katako ya ɗauka, ka nemi busasshe.