Matan Da Suka Koyi Harshen Inji Kafin Ya Raba Su Da Aiki

Ran Talata 20 ga watan Fabrairu na shekarar 1962, wani kumbo mai suna Friendship 7 ya tashi daga Jihar Florida ta ƙasar Amurka ɗauke da mutum guda, John Glenn, wanda ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya ta sararin samaniya. Sau uku ya kewaya cikin abin da bai kai awa biyar ba. A cikin tashoshin da aka kakkafa a sassan duniya don bin sawun kumbon har da wata a Kano, wadda ma'aikatanta suka yi magana da shi ta rediyo sa'ad da ya ratso ta saman Afirka ta Yamma. Duk bayanan da tashoshin nan suka tara ana aika su ne ga waɗansu manyan injuna masu ƙwaƙwalwa na kamfanin IBM da ke Jihar Maryland, su ke lissafa inda kumbon yake da kuma inda zai faɗo a teku.

To, amma kafin ranar tashi, Glenn ya nemi a sa wata ma'aikaciya ta sake bin lissafin injunan da hannunta, ya ce in ta tabbatar da shi, shi kuma a shirye yake. Wannan mata ita ce Katherine Johnson, baƙar fata. Kwana ɗaya da rabi ta yi a kan aikin, daga ƙarshe alƙalumanta suka zo daidai da na inji.

Wannan labari ya riga ya bazu a duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi mace baƙar fata ta kai ga wannan matsayi, alhali a lokacin da ta kama aiki a Jihar Virginia, doka ta hana 'ya'yanta zama aji ɗaya da 'ya'yan farar fata. Wanda ya bi diddigi zai taras da wata mata da ta riga ta shiga, ta share mata hanya, watau Dorothy Vaughan.

Ƙofar da yaƙi ya buɗe

An haifi Dorothy Vaughan cikin 1910 a birnin Kansas na Jihar Missouri. Ta sami digiri a fannin lissafi daga Jami'ar Wilberforce ta Jihar Ohio cikin 1929, jami'ar da aka kafa domin baƙar fata. A zamanin nan mace baƙar fata mai irin wannan ilmi kusan ba ta da wata sana'a da ta wuce koyarwa, saboda haka ita ma ta zama malamar lissafi a wata makarantar sakandare ta baƙar fata a garin Farmville na Virginia, a kan albashin dala 850 a shekara.

Abubuwa biyu ne suka sake al'amarin. Na farko, cikin 1941 shugaban wata ƙungiyar ƙwadago ta baƙar fata, A. Philip Randolph, ya yi kurarin jagorantar gagarumar zanga-zanga zuwa birnin Washington in ba a daina nuna wariya wajen ɗaukar ma'aikata a masana'antun kayan yaƙi ba. Shugaba Franklin Roosevelt ya ga ba makawa, ya sa hannu a kan umurni mai lamba 8802 wanda ya haramta wannan wariya. Na biyu, Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza, ga kuma bukatar sababbin jiragen sama.

Cibiyar binciken jiragen sama ta Langley da ke garin Hampton, wadda ke ƙarƙashin wata hukuma da ake kira NACA, ta soma ɗaukar mata farar fata aikin lissafi tun 1935. Sai cikin 1943 ta fara ɗaukar baƙar fata. A ƙarshen wannan shekara Dorothy Vaughan ta ajiye alli ta kama aiki a can, a kan dala 2,000 a shekara, tana zaton aiki ne na ɗan lokaci wanda zai ƙare da ƙarewar yaƙi. Shekara 28 ta yi a wurin.

A wancan zamani kalmar kwamfuta sunan muƙami ne na ɗan Adam, watau ma'aikacin da ke zama yana lissafi. Injiniyoyi su kan sa ɗan ƙaramin samfurin jirgi cikin wani dogon ɗaki mai kamar bututu, a hura masa iska mai ƙarfi, a auna yadda fikafikansa ke ɗaukar ta. Alƙaluman da aka samu, su ake tura wa matan nan, su tace su da ƙaramin injin lissafi na kan tebur, su zana sakamakon a takarda. Kuskure ɗaya na iya ɓata aikin makwanni.

An ware baƙar fatan a wani sashe dabam a yammacin cibiyar, da makewayinsu dabam, da teburinsu dabam a ɗakin cin abinci, har da ɗan allo da aka ajiye a kai mai nuna cewa nan ne mazauninsu. Wata daga cikinsu, Miriam Mann, ta riƙa ɗauke allon tana jefa shi cikin jakarta, a sake kawo wani ta sake ɗaukewa, har aka gaji aka bari.

Shugaba ta farko

Da fari farar fata ne ke shugabancin wannan sashe. Cikin 1949, bayan da kujerar ta zama ba kowa, aka ba Dorothy Vaughan riƙon ƙwarya, ta zama baƙar fata ta farko da ta shugabanci wani sashe a hukumar. Sai da ta yi kimanin shekara biyu tana riƙo kafin a tabbatar mata da muƙamin cikin 1951.

Yadda ta yi amfani da kujerar shi ne abin lura. Idan injiniyoyi suka aiko neman wadda za ta taimaka musu da wani aiki mai wuya, sai ta zaɓi wadda ta fi dacewa ta tura, don ta san cewa zama kusa da injiniyoyi shi ne hanyar ƙarin girma. Haka ta yi wa Katherine Johnson, wadda ta zo cikin 1953. Mako biyu kacal da zuwanta aka tura ta aro sashen binciken tashin jirage. Da aron ya yi tsawo, Dorothy ta sami shugaban sashen ta ce ko dai a tabbatar da Katherine a can a ƙara mata albashi, ko a maido ta. Aka tabbatar da ita. Cikin 1960 sunan Katherine ya fito a kan wani rahoton bincike tare da na injiniya Ted Skopinski, karo na farko ke nan da aka sa sunan mace a rahoton wannan sashe. Ita ta yi lissafin hanyar da kumbon Alan Shepard ya bi cikin 1961, ta kuma sa hannu a lissafin tafiyar Apollo 11 zuwa duniyar wata cikin 1969.

Zuwan injuna

Cikin shekarun 1950 aka fara shigo da injuna masu ƙwaƙwalwa cibiyar. Manya ne, guda kan cika ɗaki, kuma aikin da mace za ta kwana biyu tana yi, su kan gama shi cikin ɗan lokaci. Ba sai an gaya wa kowa ba, aikin lissafi da hannu ya kama hanyar ƙarewa.

Dorothy Vaughan ta lura da wani abu guda: komai saurin inji, ba ya yin komai sai an tsara masa umurni dalla-dalla cikin harshen da yake ganewa, a huda shi a jikin kati a ɗura masa. Wanda kuwa ya fi cancanta ya tsara wannan umurni shi ne wanda ya riga ya san lissafin ciki da waje. Cikin 1957 kamfanin IBM ya fito da wani harshen ba inji umurni mai suna FORTRAN, wanda aka shirya musamman don aikin kimiyya. Tana dab da shekara 50 da haihuwa, ga 'ya'ya shida, ta duƙufa ga koyonsa har ta ƙware, ta kuma matsa wa matan da ta shugabanta su ma su koya. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani; ilmin lissafin da suka tara shekara da shekaru shi ya zama jarinsu a sabuwar sana'a.

Cikin 1958 aka rushe NACA aka kafa NASA a madadinta, aka kuma rufe sashen baƙar fata, aka rarraba matan cikin sauran ma'aikata. Nasara ce babba, amma ta zo wa Dorothy da hasara, don kuwa rufe sashen ya tafi da kujerarta. Ta koma ma'aikaciya kamar kowa a sashen nazari da lissafi, inda maza da mata, baƙi da fari, ke aiki tare. Ta yi aiki a kan shirin rokar Scout mai harba ƙananan taurarin ɗan Adam. Ta nemi wani muƙamin shugabanci, ba ta sake samu ba har ta yi ritaya cikin 1971. Ta rasu cikin 2008 tana da shekara 98.

Wadda ta sauka don wasu su hau

Mary Jackson, 'yar asalin Hampton, ta kama aiki a ƙarƙashin Dorothy cikin 1951. Bayan shekara biyu wani injiniya, Kazimierz Czarnecki, ya ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin iska mai gudun da ya zarce na sauti, ya kuma ba ta shawara ta nemi zama injiniya. Sharaɗin shi ne ta yi waɗansu darussa na Jami'ar Virginia, waɗanda ake koyarwa da dare a makarantar sakandaren Hampton, makarantar kuwa ta farar fata ce zalla. Dole ta rubuta takardar roƙo ga hukumar birnin kafin a ba ta izinin shiga aji a garin da aka haife ta. Ta samu, ta gama, cikin 1958 ta zama injiniya mace baƙar fata ta farko a NASA.

Bayan shekara 20 tana wannan aiki, ta ga ƙarin girma ya tsaya mata cik, ta ga kuma ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta nuna bambancin launi ko jinsi wajen aiki, amma doka ba ta zama cikin ɗakin da ake yanke shawarar wanda za a ƙara wa girma. Saboda haka cikin 1979 Mary Jackson ta bar injiniyanci, ta amince da ragin muƙami, ta karɓi ofishin kula da al'amuran mata ma'aikata a Langley. Daga nan har ta yi ritaya cikin 1985, aikinta shi ne bin takardun mata masu ilmin lissafi da kimiyya, tana nuna musu darussan da suka rage musu, tana kuma tsaya musu a wajen ɗauka da ƙarin girma.

Tambayar da ta sake rayuwa

Christine Darden ta zo cikin 1967 da digiri na biyu a hannunta, amma duk da haka aka ajiye ta a ɗakin masu lissafi. Bayan shekara biyar ta tunkari wani babban jami'i ta tambaye shi dalilin da ya sa maza masu takardu irin nata ake ɗaukarsu a matsayin injiniyoyi, mata kuwa a tura su lissafi. Tambaya ce mai iya jawo kora. Maimakon haka, cikin 1973 aka mai da ita sashen injiniyoyi. Ta zama ƙwararriya a kan hanyoyin rage tsawar da jirgi ke yi idan ya wuce gudun sauti, ta sami digirin dakta daga Jami'ar George Washington cikin 1983, ta rubuta takardun bincike fiye da 50. Ita ce mace baƙar fata ta farko a Langley da ta kai rukunin ƙoli na manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya, kafin ta yi ritaya cikin 2007.

Yabo bayan lokaci

Shekaru masu yawa sunayen nan ba su fita daga harabar Langley da majami'un Hampton ba. Cikin 2015 Shugaba Barack Obama ya ba Katherine Johnson lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka, tana da shekara 97. Cikin 2016 Margot Lee Shetterly, wadda mahaifinta ya yi aiki a Langley, ta wallafa littafin Hidden Figures a kansu, aka kuma mai da shi fim. Cikin 2019 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar ba su huɗun lambar zinariya, sannan cikin 2020 aka sa wa ginin hedkwatar NASA da ke Washington sunan Mary Jackson, shekara 15 bayan rasuwarta. Katherine ta rasu cikin wannan shekara ta 2020 tana da shekara 101.

Wanda ya jera tarihin matan nan huɗu zai ga cewa ƙwazo shi kaɗai bai kai ko ɗayarsu ga ci ba. Sai da ƙungiyar ƙwadago ta matsa wa gwamnati kafin ƙofa ta buɗe. Sai da wadda ta riga shiga ta tsaya wa na bayanta. Sai da kowacce ta koma aji da girmanta, ta kuma buɗe baki ta nemi haƙƙinta a gaban wanda ke iya korarta. Tsakanin ranar da Dorothy Vaughan ta karɓi riƙon ƙwarya da ranar da aka kira Christine Darden injiniya, shekara 24 ce. A yau ma da sababbin injuna masu ƙwaƙwalwa ke karɓe ayyukan ofis a ƙasashe da dama, mata masu irin waɗannan ayyuka na fuskantar shawarar da Dorothy ta fuskanta cikin shekarun 1950: ko su jira takardar sallama, ko su koyi sarrafa injin tun yana sabo, su kuma koya wa na kusa da su.